Rijiyar da Na Haƙa da Baki a Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so in manta, domin akwai mutane a Maraɗi da suka ɗora wa kansu aikin tuna mini. Ita ce ranar da na haƙa rijiya a tsakiyar ɗakin mutane, da bakina kawai, kuma a gaban mutumin da nake neman 'yarsa da aure.

Bari in fara da gaya maka ko ni wane ne a lokacin. Na gama makarantar koyon aikin gini a Yamai, na dawo Maraɗi da diflom a cikin leda, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai gina shaguna da gidajen haya. Aikina shi ne in zagaya shantiye, wato inda ake ginin, da farar hular kwano a kai da mita a ƙugu, ina leƙa ko an kwaɓa siminti yadda ya kamata. Ni ba injiniya ba ne. (Takardata ta san matsayina, ni ma na sani.) Amma leburori suka fara kirana Injiniya, ni kuwa ban ga dalilin ɓata musu rai da gyara ba.

Abin da ba na faɗa wa kowa shi ne, mahaifina, Malam Idi, magini ne a Jiratawa. Maginin ƙasa, na tubali da azara. Da bulo da kwanon rufi suka kashe kasuwar, sai ya koma lambu yana noman albasa da zogale. Ni kuma tun ina lakwal na tsani sana'ar. Warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi, yana bin tufafinmu har cikin aji, ana toshe hanci in na wuce. Duk ranar da ya ce in zo in miƙa masa tubali sai ciwon ciki ya kama ni, ko kuma a ce an cika mu da aikin gida. Har ya gaji ya daina kirana. Na tashi a gidan magini ban san komai na ginin ƙasa ba sai warinsa, kuma a lokacin ina ganin wannan ci gaba ne.

To sai ga Rakiya. 'Yar Alhaji ce, ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwar garin, mai manyan motocin da ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da bakin teku. Ranar da yayanta ya tambaye ni sana'ar mahaifina, sai na ji bakina ya ce, "Yana harkar kwangilar gine-gine." Na lallashi kaina da cewa ai ba ƙarya ba ce tsagwaronta, tunda dai gini ne. Kawunnaina suka je gaisuwa, Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Wata guda ya wuce, ba i ba a'a. Na rame har hular kwanon ta fara yi mini yawa.

Ran nan da hantsi Rakiya ta kira ni a salula.

"Baba ya ce ka zo ranar Asabar da sahe, za ka raka shi Tsibiri."

"Ni? Mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba. Zaure shika son ginawa a sabon gida, irin na da, na ƙasa. Ya ce kilim, na'urar sanyaya ɗakin nan, na sa mai ciwon gwiwa, in anka ɗauke wuta kuma ɗakin siminti ya koma tanda. An ba shi labarin wani tsohon gida can, shina so ya gani tare da wanda ya san gini. Ni ko na ce mai ai ga ka." Sannan ta ƙara da cewa, "Don Allah kada ka cika surutu."

Na san abin da mai hankali zai yi. Zai hau kabu-kabu ya tafi Jiratawa, ya durƙusa gaban tsohonsa, ya roƙi a koya masa a yini ɗaya abin da ya ƙi koya a shekara ashirin. Ni salula na buɗe. Na karanta shafi biyu da wani Bature ya rubuta a kan ginin ƙasa, na haddace kalmomin Faransanci guda uku masu tsawo, na ji na ƙoshi da ilimi.

Matsala ta fara tun daga ƙofar mota. Alhaji ba ya yarda kowa ya tuƙa shi. In na shiga baya, na mayar da surukina direba. In na shiga gaba, ga ni kafaɗa da kafaɗa da mutumin da bai kamata in haɗa ido da shi ba. Na tsaya ina murza hannu har ya miƙo nasa ya buɗe mini ƙofar gaban. Na ɗosana a gefen kujera, na manna fuska ga gilashi, na zuba wa gonakin hanyar Tsibiri ido kamar an ba ni aikin ƙirga su. Bazara ce, ba komai a cikinsu sai kututturan geron bara. Tun daga Maraɗi har muka isa, abu ɗaya ya ce mini: "Ka karya?" Na ce na karya, alhali ko ruwa bai wuce mini ba.

Gidan yana cikin tsohon gari. Wani attajirin fatake ne ya gina shi tun zamanin da ake zuwa sayen goro da jakuna. Jikokinsa sun koma gidajen siminti, amma sun ƙi a rushe shi, suka buɗe shi ga masu zuwa kallo: ɗalibai, baƙi daga Yamai, jefi-jefi da Turawa. Ina fitowa daga mota na ɗan yi sororo. Na zo ne da shirin ganin kango, sai ga bango ja wur, mai tsayin mutum uku, fuskarsa cike da zane mai tudu da kwari, layi na shiga cikin layi, ka rasa inda ya fara. A kowace kusurwa zanko ya yi tsini sama. Raina ya so in tsaya in bi layi ɗaya da ido har ƙarshensa, amma na tuna ni masani ne, masani kuwa ba ya buɗe baki yana kallo.

Mai tsaron gidan ya taso daga inuwa ya tarbe mu. Baba Bawa ake ce masa, tsoho gajere siriri, mai manyan hannuwa da suka fi ƙarfin jikinsa. Shi ke riƙe da makullai, shi ke zagayawa da baƙi. Suka gaisa da Alhaji, aka tambayi gida da iyali da zafin bana. Alhaji ya nuna ni ya ce, "Wannan injiniya ne, shi za ya yi mani bayani." Baba Bawa ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "To madalla, yau sai mu ƙaru."

Ƙofar zauren gajeruwa ce, dole ka sunkuya. Ina sa kai ciki sanyi ya dake ni. A waje rana na ƙona ƙeya, a ciki kuwa kamar ka jingina da randa. Ba fanka, ba kilim, ba ko taga ta kirki sai 'yan ƙananan kafofi can sama. Na miƙa hannu a bakin ƙofar don in auna kaurin bangon, hannuna ya ƙare bangon bai ƙare ba.

"Injiniya, mi ya kawo sanyin ga?" in ji Alhaji.

Wannan kam tana cikin shafi biyun da na karanta. Na ce bango mai kauri yana shanye zafi a hankali, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi. Na ɗora kalmar Faransanci ta farko a kai. Alhaji ya gyaɗa kai, Baba Bawa ma ya ce, "Hakanan ne." Wallahi da sun san abin da wannan gyaɗa kan zai haifar, da sun riƙe wuyansu.

Muka ratsa tsakar gida, muka wuce wata rijiya da bishiyar magarya, muka leƙa ɗakunan da aka jera kayan mutanen da: akusa, fantimoti, sirdin jaki, ma'aunin gishiri. Ni kuwa bakina ya buɗe. Na yi bayanin ƙofa, na yi bayanin daɓe. Na ce zanko ado ne kawai. Baba Bawa ya ce a hankali, "Da ado, da kuma wurin da magini ka maƙala igiya in za shi hau yaɓe." Na ce, "I, ai abin da nake shirin faɗa ke nan." (Ban taɓa jin haka ba a rayuwata.) Duk da haka akwai abin da ke cina a rai. Ko'ina na duba ba ƙarfe, ba siminti, amma ga gini tsaye ya ga kakan kakana. Mu kuwa a shantiye, shago mai shekara biyar ya fara tsagewa. Tambayoyi sun cika mini ciki, sai dai duk wadda ta taso sai in haɗiye ta, don kada a gane ban sani ba.

Daga ƙarshe Baba Bawa ya zaro wani babban makulli ya buɗe soron mai gidan, inda yake karɓar baƙi. Nan kam na manta da kaina na ɗan lokaci. Ɗaki ne mai faɗin taki takwas ko fiye, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Daga kowane bango wani kauri ya taso, ya lanƙwasa a hankali, su huɗun suka haɗu can ƙololuwa, inda aka manna wata tsohuwar tasa mai ƙyalli. Tsakaninsu an jera azara gajeru-gajeru kamar saƙar tabarma. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Me ya riƙe wannan nauyi? Ta ina aka fara? A kan me maginin ya tsaya kafin su haɗu? A makaranta an koya mana cewa irin wannan faɗi sai da ƙarfe.

Alhaji ya taka ya tsaya a tsakiya, daidai ƙarƙashin tasar, ya ce, "Irin wannan nika so. Mi ake ce mai?"

"Ɗaurin guga," in ji Baba Bawa.

Sai Alhaji ya juyo gare ni. "Injiniya, mi ya sa ake ce mai ɗaurin guga?"

Babu wannan a shafi biyun Bature. Na san na taɓa jin kalmar a gidanmu, kamar yadda mutum ke jin kiran sallah daga wata unguwa, amma ban taɓa tambayar ma'anarta ba. Ga Baba Bawa a tsaye, amsar na bakinsa, abin da ya rage kawai in ce a tambaye shi. Amma an ce baki shi ke yanka wuya. Ƙwaƙwalwata ta kama lissafi da sauri: guga, igiya, ruwa, sanyi. Na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya.

"Ai Alhaji abin a fili yake. Mutanen da suna da dabara. A tsakiyar ɗakin nan akwai rijiya. Can sama inda suka haɗu, nan ake ɗaura igiyar guga, a riƙa jan ruwa daga cikin ɗaki ba sai an fita rana ba. Shi ya sa ake ce masa ɗaurin guga. Sanyin nan ma da muke ji, rabinsa daga ruwan ƙasa yake tasowa." Na rufe da kalmar Faransanci ta biyu.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Rijiya cikin ɗaki. To ina ta tahi?"

"An rufe ta. Irin wannan akan shimfiɗa itace ne a bi da ƙasa."

Don in tabbatar, sai na buga ƙafa a daɓen. Ya yi wani ɗan amo, irin wanda kowane daɓe ke yi in an buga shi a ɗakin da ba kaya. Na ce, "Ka ji ko? Akwai rami a ƙasa." Na sake bugawa. Kuma a nan ne abin ya fi ƙarfina, domin ni kaina na yarda. Na dubi inda Alhaji ke tsaye, daidai bakin rijiyar da na haƙa yanzun nan, na tuna itacen da na shimfiɗa ya shekara ɗari, na tuna Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne a jiki. Zuciyata ta ce, yau ga ranar da za ka ceci ran surukinka.

Na daka tsalle na damƙi hannun babbar rigarsa na fizgo shi gefe. "Alhaji kauce, kada ta rufta!"

Ya yi tangal-tangal ya dafa bango. Hularsa ta faɗi, ta gangara a kan daɓen, ta je ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin. Ba abin da ya rufta. Ni kuma ga ni riƙe da shaddar mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, na rasa yadda ake sakin riga.

Baba Bawa ya dube ni, ya dubi hular. Ya juya ya fita. Na ɗauka fushi ya yi, ko ya tafi kiran mutane. Sai ga shi ya dawo da gugar rijiyar tsakar gida, tana ɗigar ruwa. Ya tako har tsakiyar ɗakin, ya tsaya da ƙafa biyu a kan rijiyata, ya ɗauki hular Alhaji ya kaɗe ya miƙa masa. Sannan ya ɗaga gugar ta igiyarta, daidai fuskata.

"Yaro, duba nan. Igiya nawa ta kama bakin guga?"

"Huɗu, Baba."

"Ina sunka haɗu?"

"A sama, wurin ƙulli."

"To ɗaga kanka."

Na ɗaga. Huɗu daga bango huɗu, sun lanƙwasa sun haɗu a ƙulli ɗaya. Guga ce sak, irin wadda na yi shekaru ina ja a lambun Jiratawa har tafin hannuna ya yi kanta.

"Wanga shi na ɗaurin guga," in ji shi. "Kama ce, ba rijiya ba. Na tsuhwa ina sharar wanga daɓe, ban taɓa jiƙa ƙahwa ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai yanzun nan aka tabbatar mini ba rami a wurin. Alhaji ya sa hularsa, ya gyara hannun rigar, yana kallon bango. Kafaɗunsa na ɗan motsi. Har yau ban sani ba ko dariya yake dannewa ko wani abu.

Abin mamaki shi ne, da girman ya zube, sai na ji wani sauƙi. Tunda ba sauran abin karewa, tambayar da ke cina tun shigowarmu ta fito da kanta. Na ce, "Baba, don Allah, mi ya riƙe shi? Ba ƙarhe, ba ginshiƙi."

Tsohon ya ajiye gugar, fuskarsa ta saki. Ya ce azara ce a ciki, gajeru, ana dasa ta farko a bango ta ɗan leƙo, a ɗaure, a yaɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, ita ma a jira. Haka daga kowane ɓangare, kaɗan-kaɗan, har su gamu a sama su jingina da juna. "In ka yi gaggawa ta kashe ka," in ji shi. "Magini na hawa bisa abin da ya ɗaura jiya. In ya yi ha'inci, shi za ya hwara sani." Na yi ta tambaya, yana ba ni amsa. Wace giginya ake zaɓa, yaya ake hana gara, kwana nawa ake jira. Rabon da in ji daɗin darasi haka tun ina ƙaramin aji.

Can ya tsaya ya ƙura mini ido. "Kai ɗan ina ne?"

"Jiratawa."

"Jiratawa gidan wa?"

Na saci kallon Alhaji. Ya daina kallon bango.

"Gidan Malam Idi."

"Wane Idi? Idi magini? Dogo, mai tabo ga haɓa?"

Na ce shi ne, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Baba Bawa ya kama wuyan hannuna da wannan ƙaton hannu nasa, ya ja ni zuwa bangon gabas. Ya ce wata shekara ruwa ya yi yawa, indararo ya toshe, wannan ƙafar, ɗaya daga cikin huɗun da suka riƙe rufin, ta tsage tun daga sama. Maginan garin suka duba suka ce sai dai a rushe soron. Aka aika Jiratawa. "Ubanka ya zo bisa keke. Wata biyu ya yi nan, ni ka cuɗa mai ƙasa. Ya kwance ta, ya sake ɗaura ta, sauran ukun na tsaye ba su motsa ba. Ga hannu nai nan."

Ya nuna mini yaɓen. Kowane magini da yadda yake jan yatsunsa a ɗanyar ƙasa, in ji shi, kamar sa hannu a takarda. Wannan yatsu uku ne, a ja su a lanƙwasa, a ɗan murɗa a ƙarshe. Ban buƙaci bayani ba. Irinsa ne a bangon ɗakin mahaifiyata, daidai inda nake kwana ina yaro. Na sha bin sa da yatsa kafin barci ya ɗauke ni, ban taɓa tunanin na wani ne ba. Na tsaya ina kallonsa.

"Ni ko an ce mani ɗan kwangila ne," in ji Alhaji, a hankali, kamar mai tambayar farashin gero.

Baba Bawa ya dube shi, ya dube ni, ya gane. Ya girgiza kai ya ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrahe. Kai ko rarrahen ma baya ka nuhwa."

Na durƙusa a kan daɓen. Na ce, "Alhaji, ni na faɗi haka, ba wani ba. Magini ne. Maginin ƙasa. Kunya ta sa ni."

Alhaji ya juya wajen mai tsaron gidan. Ya yi wa Baba Bawa godiya, suka yi sallama, muka shiga mota. A hanya na gama yi wa Rakiya bankwana a zuciyata, har na fara tunanin neman aiki a Damagaram. Muka shigo Maraɗi, muka zo mararrabar unguwarsu, sai na ga bai juya ba. Ya ratsa gari ya miƙe kudu.

"Nuna mani hanyar gidanku," ya ce.

Mun tarar da mahaifina a lambu, ya naɗe wando, yana buɗe wa albasa ruwa da fartanya. Da ya ga mota ya ga babbar riga, ya wanke hannu a bakin kwalbati ya taho. Suka gaisa gaisuwar manya, doguwa. Alhaji ya cire takalmi ya zauna a kan buhun da aka shimfiɗa masa a inuwar mangwaro. Bai ta da maganar aure ba ko kaɗan. Ya ce daga Tsibiri muke, ya ga aikin hannunsa, ya daɗe yana neman wanda zai ɗaura masa guga a zaure bai samu ba.

Mahaifina ya yi murmushi, ya dubi tafin hannunsa. "Alhaji, hannun ya kwana biyu. Kuma aikin ga ba a yin shi mutum ɗaya, yaran yanzu ba mai son taɓa laka."

"Ai na taho maka da lebura," in ji Alhaji, ya nuna ni da haɓa. "Shina da ƙarhi, ni shaida ne. In na tahi ka tambaye shi labarin rijiya."

Da ƙurar motar ta kwanta, na zauna a bakin kwalbatin na ba shi labari tun daga farko. Da na zo wurin rijiyar ya yi dariya har ya jingina da fartanya, yana share hawaye da gefen riga. Ya sa na maimaita wurin fizgar rigar sau biyu. Na so in tsaya a nan, amma na san Baba Bawa zai ƙarasa masa wata rana, gara ya ji daga bakina. Na faɗa masa maganar ɗan kwangila.

Dariyar ta tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kunya-kunya. Sannan ya ce, "Ba komi. Ni ma ai ƙari nikai. Kowa ya tambaye ni sai in ce ɗana injiniya ne, na ko san ba ka kai nan ba. Sai dai ni daɗi ke sa ni faɗi."

Ya ɗauki fartanyarsa ya koma cikin albasa. Duk kunyar Tsibiri, da hular da rigar da gugar, ba ta kai rabin wannan ba. Na zauna a wurin na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Bayan sati biyu Alhaji ya aika wa kawunnaina. Saƙon gajere ne: ya ba da Rakiya ga ɗan Idi magini. Haka aka faɗa, haka kuma aka maimaita a wurin ɗaurin aure, ba wanda ya ambaci diflom. Ko ya san gaskiyar tun kafin mu tafi Tsibiri? Na tambayi Rakiya ba sau ɗaya ba, ta ce Baba ba ya bayanin abin da ya sani. Zauren kuwa rani guda muka yi a kansa. Duk Asabar da Lahadi ina ƙasa ina jefa tubali, mahaifina na sama yana cafewa, yana gaya mini na cika gaggawa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. "Ban sani ba" kalma uku ce, ba ta yaga rigar kowa, kuma ita ce kuɗin shiga wurin masu sani. Sannan in mutum zai yi wa ubansa ƙarin girma, ya fara dubawa ko wanda tsohon ke da shi bai ishe su su biyu ba. Na Malam Idi ya ishe mu, har ya yi mini aure.